Koren ƙwan fitilar Hajiya

Sunayen jikokina ma sukan ɓace mini, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da muhandis, wato injiniyan lantarki, ya zo duba wayoyin gidanmu na Rusaifa a Makka ba.

Gidan gado ne, hawa uku, matakalarsa kamar ta hasumiya. Gwiwoyin matata Hajiya sun gaji, takan zauna a tsakiyar bene ta ce wai iska take sha. Shi ya sa na ce a sayar, mu koma hawan ƙasa a unguwar Zahir kusa da 'yarmu. Mai saye ya samu, wani Balarabe mai fara'a, Abu Nayif. Sai ya ce, "Ya Hajj, ina shahadar kahraba?" Wato takardar da ke shaida wayoyin wutar gidan lafiya suke. Na zazzage akwatuna, har cikin likkafanina na duba, babu. (Ko na gan ta ma ba lallai in gane ta ba, karatuna bai wuce na sallah ba.) Ya ce in babu ita babu ciniki, sai dai muhandis ya duba ya rubuta sabuwa.

Nan fa ake yin ta, don rabin wayoyin gidan aikin hannuna ne. A da, in hajji ya matso mukan ba alhazai hayar ɗakuna, mu tattara mu koma saman rufi, maza gefe, mata gefe. Ga mahaifiyata a tsakani, ina ni ina kiran matata? Sai na ja wata siririyar waya zuwa gefen mata, na ɗaura ɗan koren ƙwan fitila. In na danna makunni ya kama, Hajiya ta san ina son ganinta, ta fito bakin bene mu sha shayi. Da muka daina ba da haya ban cire ba. Na mayar da makunnin bayan matashin jingina a falona na sama, ƙwan kuma a kicin.

Ranar dubawa mu huɗu ne a falon: ni, Abu Nayif, muhandis (yaro ne haifaffen nan, Hausarsa tsinto-tsinto), sai surukina Malam Sani, mijin 'yarmu, ustazu daga Kano, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba. Muhandis ya ɗage matashi.

"Ya baffa, wannan makunnin na mene ne?"

"Matacce ne, ɗana. Ba ya komai."

Ya danna. Ya sake dannawa. Ya yi ta dannawa kamar an aiko shi. Sai a lokacin na tuna ban gargaɗi Hajiya ba.

Can muka ji taku a bene, a hankali, da ƙarar kofuna. Sai murya:

"Ina zuwa, ɗan tsohona! Wannan irin ɗoki da rana tsaka? Ko turare ba ka bari na shafa ba!"

Malam Sani ya ƙura wa darduma ido kamar allurarsa ta faɗi, sannan ya ce zai je ya duba mota. (A ƙafa ya zo.) Hajiya ta ci karo da shi a bakin ƙofa, ta ce "Innalillahi," ta maƙale bayan ƙyaure. Abu Nayif ya ce me ta ce? Yaron nan da ko gaisuwa ba ya haɗawa, ranar Hausarsa ta cika tam. Ya fassara masa tas, bai rage ko turaren ba.

Balarabe ya yi dariya har rawaninsa ya zame. Da na ba shi labarin rufi sai ya ce, "Allah ya bar ku tare, ya Hajj."

Ni kuwa ba dariyar ce ta fi damuna ba. Numfashinta nake ji ta bayan ƙofa. Hawa uku ta hau da waɗannan gwiwoyi, don kawai koren ƙwai ya kama.

Muhandis ya ce wayar ta zagwanye, tana iya tayar da gobara, sai an cire zai sa hannu. Da kaina na yanke ta. Shahada ta fito, gida ya sayu.

A Zahir ko tari na yi tana ji. Amma muna kwance kaya sai ga ƙwan naɗe cikin gyalenta. Ta miƙo mini ba ta kalle ni ba, ta ce, "A sa shi. Amma mai takarda za ka kira."

Na kira. Darasin da na ɗauka da furfurata shi ne: in za ka ja wa soyayya waya, ka nemo mata shahada, kuma ranar dubawa kada ka gayyaci suruki.