Man Dubai na Kagarawal

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da mahaifiyata ta tona min asiri a gaban 'yan ajinmu ba. Abin haushin ma, da murmushi ta yi shi, ba ta san ɓarnar da take yi ba.

Tun da kaya suka yi tsada, Dada, wato mahaifiyar tawa, ta rantse ta daina sayen sabulu da man shafawa a kanti. A gidanmu na Kagarawal ita ke haɗa komai: sabulun wanka, na ruwa na wanke-wanke, har man da muke shafawa. (Da ana iya haɗa iska a gida, wallahi da tuni mun daina shaƙar ta waje.) Man nata ba wani sirri a ciki, man kaɗanya ne da man kwakwa da ɗigon turare. Ni ce kuma mai bugawa da muciya duk Asabar, har sai na ji kafaɗata na shirin barin jikina.

Gaskiya man yana da kyau. Fatata har ɗaukar ido take. Sunansa ne matsala, don a ajinmu duk wadda aka ji kalmar kaɗanya a bakinta ta zama kakar aji. Sai na samo wata kwalba mai murfi ruwan zinare da rubutun Larabci, wadda Kawu ya kawo mana tsarabar zuma a ciki daga Umara. Na wanke ta fes, na cika da man Dada, na jefa a jakar makaranta.

Ƙawata Hauwa'u ce ta fara gani. Ta jujjuya kwalbar, ta daɗe tana kallon rubutun, ta ce, "Ke, wannan fa daga ina?"

Na ɗaga hanci na ce, "Dubai. Antina ke aiko min." (Anti ɗaya gare ni a duniya, kuma iyakar tafiyarta Kumo.)

Kafin sati ya zagayo na zama 'yar Dubai. Lokacin tara, layi ake yi a gaban kujerata. Na kafa doka: da ƙaramin yatsa ake lakata, sau ɗaya, ba ƙari. Har akwai ranar da na toshe hanci na ce, "Wai wa ya shafo mana man kaɗanya a ajin nan?" Allah Ya yafe min.

Ranar Larabar, da zan fita Dada ta ce, "Auta, yau zan ba ki mamaki." Na ɗauka dambun nama ne. A makaranta kuma malamarmu ta sanar cewa an gayyato wata gwanar sana'ar hannu za ta koya mana haɗa kayan shafa. Ni da nake ganin kaina shugabar harkar fata, na je na kame a kujerar gaba.

Muciyar na fara ganewa. Muciyarmu ce, mai ƙonannen baki, tana leƙowa daga bokiti. Sannan na ɗaga kai na ga mai bokitin.

Dada ta yi sallama, ta baje kaya, ta narka kaɗanya, ta ɗiga turare. Ƙamshi ya cika aji. Sai na ga 'yan mata sun fara shinshina bayan hannunsu, suna shinshina iska, suna kallona. Na yi ta addu'ar a kaɗa ƙararrawa, ko gobara, ko ma mene ne.

"Auta, taso ki nuna musu bugu," in ji Dada. "Wannan 'yata ce, ita ke buga min duk Asabar. Ku dubi fatarta, shekara biyu ba ta shafa komai sai shi. Ina kwalbar zumar kawunki da kike ɗurawa? Fito da ita su gani."

Ba yadda na iya, na zaro kwalbar daga jaka. Can daga baya wata ta ce, "Mama, ashe ke ce Dubai!"

Dariyar da aka yi, na tabbata har unguwar Malam Inna an ji ta. Dada ta ce, "Dubai kuma? Ni ko Abuja ban sani ba." Sai ta dube ni, ta dubi kwalbar da ke hannuna, ta gane komai. Na sadda kai ina jiran hukunci. Ita kuwa sai ta miƙo min muciya ta ce, "To ai ba duka ta yi ƙarya ba, kwalbar ta hau jirgi. Buga, 'yar Dubai."

Haka na tsaya ina bugun kaɗanya a gaban mutanen da na toshe wa hanci.

Da aka tashi na kasa haɗa ido da Hauwa'u. Ita ta biyo ni ta rataya hannu a wuyana.

"Kin manta ajinmu ɗaya a Islamiyya? Tun ranar farko na karanta kwalbar, zuma aka rubuta ɓaro-ɓaro."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"In faɗa ki daina ba ni? Ke dai buɗe in lakata. Yau da babban yatsa."

Yanzu duk Asabar Hauwa'u na gidanmu, muna karɓa-karɓar muciya, Dada na yi mana tsiya. Ni kuma na koyi darasi: in za ki yi ƙarya da kwalba, ki fara karanta abin da aka rubuta a jikinta, sannan ki tambayi uwarki ina za ta ranar Laraba.