Yaya Jatau da Man Gidanmu

A gidanmu na Tungar Marke da mai muke ci, da mai muke sha. Inna Kulu ce ke matse man gyaɗa tana soya ƙosai, Baba kuma yana kiwon sa ɗaya duk shekara. Mu biyu suka haifa, ni Asabe da wana Jatau. Ya haura shekara talatin, ƙarfi kamar doki, ba ya ƙarya, ba ya ƙiwa. Matsalarsa guda ce: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta ya aikata. Shi ba ya jin kunya, mu ne muke ji masa.

Wata rana Baba ya yi ta fama da jiri, Jatau ya raka shi asibiti. Likita ya ce kitse ya yi yawa a jininsa, yana neman toshe masa hanyoyin jini. Ya ce ya rage tozo da man shanu, ya riƙa yin abin da zai narkar da kitsen jikinsa. Da la'asar Baba na zaune a ƙofar gida da abokansa, Jatau ya lallaɓa ya tura kaskon garwashi ƙarƙashin kujerarsa. Sai da ƙauri ya tashi Baba ya zabura, bayan rigarsa na hayaƙi.

"Kashe ni za ka yi?"

"A'a, Baba, narkarwa nake. Ka ɗan ƙara haƙuri, ko ɗigo bai fara ba."

Kwana uku Baba bai fita majalisa ba.

Wata rana kuma Inna na tace mai, ta ce da ni: "Kin ga mai, ba ya nutsewa. Duk yawan ruwa, a samansa yake tafiya." Jatau na gefe yana ji. Washegari ta ɗora masa jarka ya kai wa masu saye a kasuwar Gwargwada, can gangaren rafi. Kafin hantsi sai ga shi ya dawo yana kaɗa jarka fayau.

"Ina man?" in ji Inna.

"Na juye shi a rafi ya riga ni. Ai kin ce a sama yake tafiya. Amma na je kasuwa ban same shi ba, ko ya wuce ne?"

Bai rufe baki ba matan da ke wanki suka shigo, kowace da zane sharkaf da maiƙo. Ni aka sa na bi su gida gida da sabulu ina ba da haƙuri, kaina a ƙasa.

Wata rana Sarkin Fawa ya zo duba san Baba. Ya dafa tozonsa ya ce: "Wannan shi ne guzurinsa. Allah Ya tara masa kitse a nan saboda ranar da babu ciyawa." A makon ne Baba ya yi tafiya, ya bar wa Jatau kiwo. Da ya dawo ya tarar da sa yana layi, tozo ya kwanta, haƙarƙari a waje.

"Ba ka ba shi abinci ba?"

"Ruwa dai nake ba shi, Baba. Mai guzuri a baya, ina ruwansa da dusa?"

Sarkin Fawa ya zo ya kalli san, ya juya ya yi tafiyarsa. Kallon nan ya fi zagi ciwo.

Saboda haka ranar da iyayen mijina suka kawo mana ziyara gab da bikinmu, na ja Jatau bayan rumbu na ce: "Yaya, don Allah zauna nan, kada ka fito." Ya zauna. Inna ta ɗora babban kasko tana soya musu ƙosai. Surukata ta ɗanɗana ta yaba, Inna ta yi dariya ta ce: "Ai duk asirin yana cikin kaskon nan." Hira ta yi daɗi, mai ya yi zafi har ya wuce misali. Kwatsam wuta ta kama cikin kaskon, harshenta na lasar rumfar kara. Na suri bokitin ruwa na sheƙo a guje. Inna ta ɗora hannu a ka tana ihu: "Wayyo jama'a, ku rufa mana asiri!"

Jatau ya fito daga bayan rumbu, ya ɗauki murfin tukunyar biki, ya kife shi a kan kaskon. Wuta ta mutu nan take.

Surukina ya riƙe bokitin da ke hannuna. Ya ce: "'Yata, ajiye. Da kin watsa ruwan nan a tafasasshen mai, da wuta ta yi tsalle ta kama rumfa, ta kama mu. Wane ne wannan mai hankalin?"

Ban iya ɗaga ido ba. Na ce: "Wana ne, Baba."

"To, me ya sa tun ɗazu ba mu gan shi ba?"

Jatau ne ya amsa, yana murmushi: "Asabe ce ta ce in ɓuya har ku tafi."