Jakadan Umbadda da Bizar Hafiza

Duk faɗin Umbadda, unguwar da ke tsallaken kogi daga Kartum, babu wanda ya san Amurka kamar Ustaz Badaru. Gaskiya ne ƙafarsa ba ta taɓa fita daga Sudan ba, amma wannan ƙaramar matsala ce ga mai zurfin ilimi irinsa. Daga rumfarsa ta sayar da caja a Kasuwar Libiya yake hango ƙasar tar, har maƙwabta suka laƙaba masa Jakada. Su da wasa suka faɗa. Shi kuwa ya sa aka rubuta masa a allon rumfa.

Da aka kira Hafiza, 'yar ƙanwarsa, ganawar biza, Jakada bai jira a neme shi ba. Shekara uku ke nan mijinta Muzammil yana tuƙin babbar mota a Amurka, 'yarsu Tasnim ba ta san ubanta ba sai a fuskar waya. Hafiza ta riga ta yi gwajin likita, ta haɗa fasfo da takardar aure da hotunan biki. Jakada ya duba, ya girgiza kai don tausayi.

"Takarda kowa na da ita," in ji shi. "Bature ido yake karantawa. Ƙiftawa biyu a jere, magana ta ƙare."

Nan take ya buɗe makaranta a tsakar gidansa. Ya ciro gilashin kabad ya tsayar tsakaninsu, ya zauna bayansa da tabarau, ya murtuke fuska.

"A ina kika haɗu da mijinki?"

"Kawu, ai ka sani. Rakshar da yake haya da ita ce ta mace a ƙofar gidanmu, ya roƙi ruwan sha."

"Raksha! Keke mai ƙafa uku za ki shigar musu ofis? Ki ce a ɗakin karatu na jami'a, kuna neman littafi ɗaya."

"Ban yi jami'a ba, Kawu."

"Shi Baturen ajinku ɗaya, da zai sani?"

Kwana tara ana wannan darasi. Hafiza ta haddace sunan littafin da ba ta taɓa gani ba, ta koyi tsayar da ido har hawaye na zuba. Abinci ya daina shiga mata. Jakada ya ce alamar karatu ya zauna ke nan.

Ranar ganawa ya sa kwat da lakataya cikin zafin da ke narkar da kwalta, ya raka ta ofishin jakadancin Amurka da ke unguwar Soba. A bakin ƙofa ya gyara murya ya shaida wa mai gadi cewa shi ne mashawarcinta na musamman.

"Madalla, ya Ustaz," in ji mai gadi. "Mai suna a takarda kawai ke shiga. Waya da jaka ma a waje. Ga inuwa can."

Hafiza ta miƙa masa jakarta ta shige. Sauran matan layin da suka ga dattijo mai kamala riƙe da jakar mata, sai suka gane aikinsa. Kafin hantsi Jakada yana rataye da jaka bakwai da lema ɗaya.

Can sai ga Hafiza ta fito tana dariya tana share ido da gefen mayafi.

"Sun riƙe fasfo, Kawu! Sun ce an amince!"

Ta ba shi labari. An ɗauki hoton yatsunta, aka kira ta taga. Ba ma Bature ba ne, wata mata ce baƙa, ga tafinta kusa da ita. Aka ce ta ɗaga hannu ta rantse za ta faɗi gaskiya.

"Ina rantsewa, Kawu, na ji ba zan iya ba. Sai na faɗi zancen raksha. Matar ta yi dariya, ta tambaya ko rakshar ta tashi daga baya. Ta tambayi watan da aka ɗaura mana aure, da sunan mahaifiyar Muzammil, da aikinsa. Minti biyar."

Nan take Jakada ya gano cewa dama haka ya tsara.

Da la'asar gidansa ya cika da 'yan barka. Ya kishingiɗa yana bayani.

"Dabara ce. Na gajiyar da ita da ƙarya don gaskiya ta fito da ƙarfi. Tambayoyin kuwa na yara ne. Wanda bai san watan aurensa da sunan surukarsa ba, ai ba aure yake ba."

Matarsa Zakiyya, wadda ke zuba wa baƙi gahawa, ta ajiye butar.

"Haka ne, Malam. Mu a wane wata aka ɗaura mana?"

"Rajab," in ji shi da ƙarfin gwiwa.

"Shawwal. Sunan mahaifiyata fa?"

"Hajiya."

"Hajiya wa?"

Jakada ya dubi rufin rumfa, ya dubi baƙi, ya kurɓi kofin da babu komai a ciki.

"Shekara ashirin da shida a ɗaki ɗaya," in ji Zakiyya tana kwashe kofuna. "Da ni ce a tagar nan, ko gadar Kartum ba zan bar ka ka tsallaka ba."