Ƙarfen da ke Gefen Kujera

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na sa mazan Kusada suka wuni suna tura mota mai ƙoshin lafiya ba, ni kuma ina zaune a ciki na riƙe sitiyari kamar mai wani abin yi. Ko yanzu da furfura ta cinye kaina, in na tuna sai kunya ta kama ni.

Zamanin Turawa ne, lokacin da gyaɗa ke tashe. Na dawo Kankiya daga Katsina da lasin tuƙi a aljihu, bayan shekara uku ina koyon gyara a gareji, kaina kuwa ya fi buhun gyaɗa girma. Mota dai babu wanda ya ba ni tukuna. Saboda haka aikina shi ne in zauna a bencin tasha in juya wa hanya baya, in babbar mota ta taho in faɗi irinta tun ba a hango ta ba. "Wannan mai dogon hanci ce, silinda shida, fetur take sha, kuma direbanta ya makara wajen shiga giya ta uku." Sau da yawa nakan dace. (Motocin da ke bin hanyar a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma na san ranar wucewar kowacce, amma wannan ban taɓa gaya wa kowa ba.)

Akwai wata yarinya a Kusada, Hurera, wadda nake so tana sona. Mahaifinta Malam Tanko manomi ne mai ƙarancin magana, kuma ba ya sha'awar ba direba 'yarsa, wai direba baƙo ne ko a gidansa. Sau biyu kawuna ya je masa da maganar, sau biyun amsar ɗaya ce: a bari a ga hankalin yaron.

Ana nan sai dama ta zo har inda nake zaune. Wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Kankiya yana da wata koriyar mota mai bodin katako, wadda wani tsoho, Baba Audu, yake tuƙawa. Baba Audu ya kai ta Kusada, an yi mata lodi a ƙofar gidan Malam Tanko, inda 'yan unguwar ke tara gyaɗarsu, sai zazzaɓi ya kayar da shi, aka ɗora shi a jaki aka kai shi wajen 'yarsa a Dudunni. Da na ji Alhaji yana neman mai ɗauko motar, kuma na ji inda take, ban bari ya rufe baki ba na ce ni zan je.

Alhaji ya ce, "Ka bi ta Dudunni ka tambayi Audu halinta. Motar nan tana da hali."

Na ce to. A zuciyata kuwa na ce ni za a aika tambaya? Na saka kakina, na kafa hula a gefe, na hau keke na miƙe Kusada kai tsaye.

Da hantsi na isa, na tarar unguwar ta fito. Na gai da Malam Tanko a tsugune, sannan na tashi na fara abin da ya kawo ni. Na zagaya motar, na ɗaga bonet, na sanar da jama'a (waɗanda ba su tambaye ni ba) cewa irin wannan injin na kwance shi na ɗaura ya fi sau goma, giyarsa huɗu da ta baya, kuma ko a rufe mini ido zan kai ta Kano. Na ga jan fenti yana leƙowa a inda koren ya ɓare, na kuma ga wata ƙugiya a saman kan motar kamar inda ake rataya ƙararrawa. Duka biyun na gani da idona, na wuce.

Aka murɗa hannun tayar da mota, inji ya tashi lafiya lau. Na taka kuloci, na shiga giya ta ɗaya, na ba ta wuta. Ta yi ruri, ba ta motsa ba. Na shiga ta biyu, na shiga ta uku. Allurar gudu tana ta hawa, ta ce mini tafiya muke, bishiyar ɗorawar da ke gabana kuwa tana nan inda na same ta.

Sai Malam Tanko ya taso daga tabarmarsa ya matso kusa da ƙofa, ya yi magana a hankali. "Ɗan nan, ni ban san mota ba. Amma duk sa'adda Audu za shi tashi, nikan ga ya duƙa ya jawo wani ɗan ƙarhe nan gehen kujera."

Na duba. Lalle akwai wani guntun ƙarfe mai tsatsa, an ɗaure masa tsumma a kai. Motocin da na sani babu mai irinsa, saboda haka a hukuncina ba shi da amfani. Na ɗaga murya yadda matan da ke leƙe ta bayan danga za su ji (Hurera na cikinsu, na hango ɗankwalinta), na ce, "Baba, wannan na rataya jaka ne kawai. Ciwon yana cikin akwatin giya, haƙoran ne suka ƙi kamawa. Abu ne na ilimi."

Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya koma ya zauna.

Daga nan na yanke cewa a tura, wai in ta ɗau gudu haƙoran za su kama. Aka ce ta yi nauyi, na ce a sauke rabin lodin. Mutanen da suka ɗora buhunan jiya su ne suka sauke su yau. Suka tura ni har bakin kasuwa, suka turo ni na dawo. Wani bawan Allah ya kawo shanun nomansa biyu aka ɗaura musu igiya, suka ja iyakar jansu cikin rairayi, ɗayan ya gaji ya kwanta. Duk wannan ina sama ina ba da umarni.

Da aka idar da azahar, na ɗauki sufana na shiga ƙarƙashin motar, ba don na san abin da zan yi ba, sai don in ɓuya wa idon mutane. A nan na ga abin da ya kamata in nema tun da safe. Bayan akwatin giyar akwai wani ƙaramin akwati na biyu, da wani guntun sanda a jikinsa wanda bai haɗu da komai ba. Na bi wani siririn ƙarfe da ido daga jikin akwatin, ya hau sama, ya ɓulla daidai gefen kujera. Na kwanta a wurin ina kallonsa, ina fatan ƙasa ta buɗe.

Dabara ta zo mini, kuma ba dabarar kirki ba ce. Na ƙwanƙwasa sufana a jikin ƙarfe sau uku yadda kowa zai ji, na fito ina share hannu, na ce na daidaita haƙoran. Aka tayar da inji. Na taka kuloci, na zura hannu ƙasa a ɓoye ina kallon gaba kamar mai tunani. Sai na ji hannuna ya sauka a kan hannun mutum. Malam Tanko ne tsaye a kan matakin ƙofa, ya riga ni kama ƙarfen.

Muka haɗa ido. Ya janye hannunsa ya ce ƙasa-ƙasa, "Ja da kanka. Ni ban ga komi ba."

Na ja. Ƙarfen ya ce ƙwas, na saki kuloci, motar ta tashi sumul kamar ba ita ba. Matasa suka fara tafi, har na soma ɗaga musu hannu (Allah ya yafe mini), sai wani dattijo da ya sha turi tun safe ya ce, "Wai ba ƙarhen nan ba ne Tanko ya hwaɗi tun da hantsi?" Sai dariya ta ɓarke har bayan danga. Mai shanu ne kaɗai bai yi dariya ba. Haka na tsaya kaina a ƙasa aka sake ɗora buhunan.

Da Baba Audu ya warke ya bayyana mini. Motar kashe gobara ce a da, aka sayar da ita gwanjo, aka cire famfon ruwan aka ɗora mata bodi. Ƙarfen nan shi ke zaɓar inda ƙarfin inji zai tafi, ko ga ƙafafu ko ga famfo. Ya ce, "Ni nika barinta a kan hwamhwo in na sauka, don kada wani mai karambani ya tahi da ita." Ya dube ni sama da ƙasa ya ƙara da cewa, "Ga shi kuwa ya yi aikinshi."

Kwana uku ban fita tasha ba, na tabbata Hurera ta wuce ni. Ranar Juma'a na daure na koma Kusada, ba kaki ba sufana. Na tsuguna gaban Malam Tanko a bainar mutanen da suka tura ni, na ce ya gaya mini gaskiya na raina maganarsa, ya yi haƙuri. Bai ce komai ba sai "Tashi, ka gai da gida." Bayan mako guda ya aika wa kawuna cewa a zo a sa rana. Wai yaron bai san mota ba kamar yadda yake zato, amma ya san hanyar dawowa.

Shekara talatin na yi ina tuƙi bayan haka, kuma ban sake taɓa giyar baƙuwar mota ba sai na shiga ƙarƙashinta na duba, sannan na tambayi wanda ke zama kusa da inda ake ajiye ta, ko da bai taɓa hawa keke ba. Cika bakin dai ban daina shi gaba ɗaya ba. Har yau in na zauna ina yi wa jikoki bayanin abin da ban sani ba, Hurera ba ta musu da ni. Sai ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "Malam, ka duba gehen kujera kuwa?"