Farin ɗigo a bakin bindigar Kaka

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da idona ya fara sauka a kai ranar da na iso ƙauyenmu daga Filinge, hutun makaranta: bindigogi biyu kwance a kan tabarma a ɗakin Kaka, maimakon bango inda na saba ganinsu a rataye. Ɗaya doguwa ce, bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsa. Ɗayar gajeruwa ce, wadda suke ce wa kalibar duz. Na lura gajeruwar ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, kuma can kusa da bakinta akwai wani farin ɗigo mai kama da kashin tsuntsu. (Ni ba na iya magana cikin mutane, amma dauɗa ba ta wuce ni. A aji ma ni ke share allo tun ba a sa ni ba.)

Wani gyado ne, wato aladen daji, ya addabi garakan rogo na bakin kwari. Ya tone na mutum huɗu, har da na Inna, kakata. Idan ya ƙoshi sai ya shige kurmin geza da sabara, inda mutum ba ya hangen abin da ya wuce taki goma sha biyar. Kaka shi ne babban mahalbin garin tun ba a haifi mamata ba, kuma ya ce shi zai shiga.

Ina tsugune ina wanke kwanoni na ji suna gardama da Kawu Sani, ƙanen mamata.

"Baba, in dai kun nace, ku ɗauki doguwar. Ta fi kai nesa."

"Nesa ina? Cikin geza nesa ta ƙare. Kafin ka juya doguwar, reshe ya riƙe ta. Kuma in ka yi kure, kana ɗura toka shi yana yanka maka ƙafa. Gajeruwa zan ɗauka, da harsashi mai manyan ƙwayoyi, ba na zabi ba."

"To ku ba ni ita. Idonku..."

"Mi idona ya yi?"

Daga ƙarshe suka daidaita: gobe da hantsi za a kife ƙwarya a kan kututture, taki ashirin. In Kaka ya same ta, shi zai shiga daji. In bai same ta ba, ya miƙa bindiga, ya daina halbi.

Da la'asar maza suka tafi masallaci, sai na ce bari in taimaka wa tsohon nan. Ta yaya mutum zai tsaya gaban jama'a da kaya mai dauɗa? Na san ba ya barin harsashi a ciki. Na samo toka da lemun tsami da tsumma, na dirje bututun gajeruwar nan har ya koma kamar cokalin amarya. Farin ɗigon ya ƙi fita, sai da na kankare shi da wuƙa. (Har yau ina jin ƙarar kankarewar, da irin daɗin da na ji.) Na sa ta cikin buhunta, ban gaya wa kowa ba.

Washegari mahalba da dattawa suka taru a bayan gari. Mu mata muka leƙo ta saman darni. Kaka ya zaro bindiga daga buhu, rana ta doke ta, ta yi wal. Wani ya ce, "Kai!" Ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Ya sa harsashi, ya ɗaga ta. Ya daɗe. Sai ya sauke, ya cire harsashin, ya shafa bakin bututun da ɗan yatsa, ya sake shafawa.

"Wa ya taɓa mini bindiga?"

Ni da ko lissafin da na sani ba na ɗaga hannu in faɗa, ranar nan na buɗe baki da ƙarfi: "Ni ce, Kaka! Har kashin tsuntsun na cire!"

Mutum biyu suka fara dariya, suka haɗiye ta. Wani tsohon mahalbi ya ce a hankali, ba tare da ya dube ni ba, da gangan ake shafa wa bututu baƙin tukunya da mai, don kada ƙyallinsa ya kori dabba. Wannan kowa ya sani, ban da ni. Abin da ba wanda ya sani shi ne ɗigon. Ƙaro ne da farar ƙasa Kaka ya manna a kan ɗan ƙarfen saiti, saboda idonsa ya daina ganin ƙarfen tuntuni. Kawu ya dubi inda yatsan mahaifinsa ke lalube, na ga ya gane. Kowa ya gane.

Kaka bai harba ba. Ya miƙa wa Kawu bindigar da hannu biyu, ya ce, "Ka shafa mata baƙi. Kada ka tsaya gaban raminsa, ka tsaya ta sama." Bayan kwana uku Kawu ya kashe gyadon. Kaka bai sake shiga daji ba.

Tun daga nan, in na ga abu ya daɗe da dauɗa a gidan da akwai mata masu hannu, nakan tsaya in tambaya kafin in ɗauko toka.

Ranar da zan koma Filinge na je yi wa Kaka ban kwana, na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Amaryata, ke da na aura ki rufa mini asiri, sai kika wanke shi da lemun tsami?" Ya yi dariya shi kaɗai. Bindigar na rataye a bango, ta sake yin baƙi, bakinta fayau. Na kwance bakin zanena, na fito da ɗan ƙaron da na tsinto a jikin bagaruwa, da guntun alli na makaranta.

Na ce, "Kaka, don Allah ku kama yatsana, ku nuna mini daidai inda yake."