Wuta a Ƙwaƙwalwa

Ranar da 'yata Hadiza za ta gabatar da binciken digirinta, na zauna a sahun gaba. Na riga na gaya wa duk unguwarmu ta New Bell na fi malamanta gane aikin.

Ta fara bayani: wasu ƙananan 'yan aike, microRNA, ke tada masu gadin ƙwaƙwalwa har ta kumbura. Sanyin ɗakin ya ratsa ni, barci ya sace ni. Sai ga ni ina yawo cikin kaina, masu gadi na wucewa da fitilu. Can nesa na ji ta ce "inflammation", wato kumburi, kunnena kuwa ya kama "flamme", harshen wuta da Faransanci.

Na zabura: "Wuta! A kawo ruwa!"

"Baba, don Allah zauna," in ji Hadiza.

Ta ci jarrabawarta. Ni kuwa har yau a kasuwar Mboppi, ko shayi na hura sai an ce, "Alhaji Pompier mai kashe gobara, wutar ta mutu?"