Rasuwar Ladi, Miksar Gidan Shekari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da miƙa wuya ga nufin Allah, ni Shekari, a madadin matata Eunice da dukan iyalin gidanmu da ke Narayi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar miksarmu, wadda aka fi sani da Ladi. Rai ya yi halinsa ranar Alhamis da la'asar, a ɗakinta, bayan gajeriyar rashin lafiya. Ga wanda bai san miksa ba, ita ce faffaɗar na'urar nan mai kunnuwan murɗawa rututu, wadda ake haɗa murya da kiɗa a cikinta kafin su shiga kaset.

Babu wanda ya san shekarun marigayiyar, don takardar da ke manne a bayanta ta goge tun kafin mu haɗu. Abin da muka sani shi ne ta yi ƙuruciyarta a wani gidan rediyo. Tsofaffin ma'aikatan wurin sun shaida mini cewa badujalar soja ta sha bi ta cikinta da sassafe, irin safiyar da ake tashi a tarar gwamnati ta canja hannu. Ina roƙon kada a riƙe ta da wannan, aiki aka sa ta. Da sojoji suka fara zancen komawa bariki, ita ma aka yi mata ritaya, ba fansho ba sallama, aka jingine ta a sito tare da karyayyun kujeru. A can na same ta a gwanjo, zanzaro ya yi gini a cikinta, ɓera ya ci wayoyinta ya ƙoshi. Ranar Lahadi bayan sujada muka shigo da ita gida a bayan a-kori-kura, mu huɗu muna nishi, shi ya sa Eunice ta raɗa mata suna Ladi.

Na san abin da unguwa ta faɗa a lokacin. An ce tun da aka sallame ni daga masaƙa a Kakuri kaina ya kwance, na kwashe abin da aka ba ni na sayo gawa. Ban tanka wa kowa ba. Yau zan faɗi dalili, tunda mai abin ta ba ni izini.

Duk wanda ya taɓa zuwa taron zumuntar mata a wannan gefen kogi ya ji waƙoƙin Eunice, ko da bai san nata ba ne. Ita ke shirya su a kanta tana tuƙa tuwo, ta koya wa mata, su kuma su tafi da su garuruwa. Ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya a kaset ba. Sai maƙoƙo ya fito mata a wuya. Ta daɗe tana rufe shi da ɗankwali, har ya fara danne mata numfashi, likita ya ce sai an yi aiki. Ya kuma faɗa mana gaskiya, Allah ya saka masa: bayan aikin za ta yi magana, amma waƙa, bai yi mana alkawari ba. Na kai ta wani situdiyo a cikin gari. Aka rufe ta a wani akurki, wani saurayi yana duban agogo ta bayan gilashi, muryarta ta ƙi fita ko kaɗan. A hanyar dawowa ta ce ita ba ta iya waƙa a inda ba ta jin ƙamshin miyarta. To, tunda Eunice ba za ta je situdiyo ba, na ce situdiyo zai zo gidan Eunice.

Malam Yahaya mai gyaran rediyo a Makera shi ya tashi Ladi daga wancan dogon barci. Damina guda ya yi yana zuwa da yamma a kan kekensa, da ƙarfen soda na liƙa waya da buroshin goge haƙori, yana bin ta layi-layi. Layi goma sha shida gare ta. Biyu sun ƙi tashi har ta koma ga Allah, muka bar su, don ba a tilasta wa tsoho. Ni kuma na kwashe buhunan masara daga ƙaramin ɗakin da ke jikin kicin, na bi masu shayi ina roƙon kwalin ƙwai, na manne bango da su tun daga ƙasa har rufi. Tsohuwar katifar aurenmu ita ta toshe taga. Ƙofar da ke kallon kicin kuwa ba a taɓa rufe ta ruf ba, bisa umarnin mai waƙa.

Ranar da Malam Yahaya ya kunna ta, ta ce "ɗum", ta yi shiru, sannan ta fara wannan gunjin nata na ƙasa-ƙasa, "mmmm", allurai biyu masu auna sauti da ke goshinta suka motsa. Malam ya yi hamdala, ni na ce haleluya, babu wanda ya gyara wa wani.

Marigayiya Ladi mai haƙuri ce, mai riƙe amana. Da aka buga gangar siyasa, 'yan takarar kansila na jam'iyyu daban-daban sun zo ta yi musu waƙar kamfen. Wannan ya yi alkawarin famfo da safe, abokin hamayyarsa ya yi alkawarin famfon nan da yamma, ba ta taɓa kai maganar wani wurin wani ba. Ta ɗauki 'yan kwayar coci, ta ɗauki wa'azin wani malami daga Tudun Wada, ta ɗauki tallar maganin basir, kowa ta ba shi haƙƙinsa. Ba zan ce ba ta da hali ba, don ba a yi wa mamaci ƙarya. Layinta na uku yana "ƙaras-ƙaras" in an taɓa shi ba sallama. Kuma ba ta aiki da sanyin jiki: sai an kunna ta an bar ta ta ɗumama tukuna muryarta ke daidaita, kamar kowace tsohuwa da safe.

Amma babban alherinta, wanda ba zan iya biya ba, shi ne abin da ta yi wa matata. Ciwon ya riga ya ci muryar Eunice. Ta sirance, tana rawa a sama, numfashi yana yankewa a tsakiyar baiti. Mun gwada ƙaramar rikoda ta maƙwabta, da ta ji kanta sai ta ce in goge, ba za ta bar wa jikokinta wannan ba. Ladi ce kaɗai ta san inda tsohuwar muryar ta ɓuya. In na murɗa wannan kunne kaɗan, na sassauta wancan, sai ga Eunice ta shekarun baya ta fito daga sifika, cikakkiya, mai ɗumi, wadda na fara ji a bikin Kirsimeti a ƙauyenmu na kasa komawa gida. Ranar farko da ta ji haka ta zauna a kan turmi ta yi kuka, ni ma na taya ta, ba na jin kunyar faɗa. Har yanzu in na shiga ɗakin ina jin abin da ya fi yawan fitowa daga bakin Ladi, muryar Eunice tana ce mini: "Ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Baban Vicky, ɗaga ni kaɗan, ba na jin kaina." Wani lokaci kuma: "Tsaya, tsaya, miyata na ƙonewa."

A haka muka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ranar da wuya ya yarda a yi, ranar da ya ƙi a haƙura. Saura guda ɗaya. Waƙar niƙa ce da yarenmu, wadda Eunice ta koya a gindin dutsen niƙan kakarta, kuma a iya saninmu babu wanda ya rage da ya san ta daga farko har ƙarshe sai ita. Tana da tsawo, tana hawa sama, tana cin numfashi. Shi ya sa ta bar ta a ƙarshe tana tara mata ƙarfi. Ranar Alhamis ta tashi ta ce yau wuyanta ya saki, da yamma za a yi.

Yanzu na zo kan ciwon ajali, kuma ina roƙon mai karatu ya karanta da adalci.

Bayan azahar na kunna Ladi don ta ɗumama, na fita Kakuri sayen sabon kaset. Ban san cewa matan zumunta, waɗanda suka yi wa Eunice amshi a duk waƙoƙin nan, sun daɗe suna shirya wa marigayiyar kyauta a ɓoye ba. A wurinmu abin da ake girmamawa ba a barinsa tsirara. Talabijin na da mayafinta, rediyo na da nasa, Littafi Mai Tsarki na da jakarsa. Ya za a ce wadda ta yi musu wannan hidima tana zaune haka ƙura na hawanta? Sai suka sa Asabe, telar ƙungiya, ta ɗinka mata riga da atamfar ankonsu. Asabe ba ta aikin wasa. Ta faki idona ta auna Ladi da tef, ta sa soso a ciki, ta bi da leda don ko ruwa kada ya ratsa, ta ɗinke sunan LADI a gaba da zare mai ruwan zinariya, ta sa roba a baki yadda rigar za ta kama jiki cif. Ba ta bar ko kafar allura ba. Ƙananan ramukan da ke bayan Ladi, waɗanda take shan iska ta nan, su ne a ganin Asabe hanyar da ƙura ke shiga, don haka nan ta fi ba ƙarfi.

Suka zo ba na nan, Eunice tana wanka. Suka sa mata rigar, suka yi mata addu'a, suka ja ƙofa, suka zauna a tsakar gida suna jirana. Ana tsakiyar zafin bazara.

Da na dawo suka tare ni da dariya, suka sa ni gaba har bakin ɗakin don su ga fuskata. Ina tura ƙofa suka rangaɗa guɗa. Ni kuwa wari ne ya fara dukan hancina, warin ƙonanniyar waya. Na fizge rigar, ƙarfen ya ƙona mini tafin hannu. Allurai biyun suna kwance. Ta yi wani ɗan "tas" a hankali, gunjin ya tsaya, daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Guɗar ta mutu a bakin mata ɗaya bayan ɗaya.

Malam Yahaya ya zo kafin magariba. Ya buɗe ta, ya duba, ya sunsuna, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya mayar da murfin ya ɗaure kowane noti, abin da bai taɓa yi ba in akwai sauran aiki. Tiransifomar cikinta ta ƙone, ta tafi da wasu kayan da ya ce ko a Legas sai an yi sa'a, in kuwa daga waje ne sai bayan watanni. Asibiti kuwa sun sa wa Eunice ranar aiki Litinin, likita ya ce ba za a ƙara ɗagawa ba.

Ladi ta rasu ta bar sifika biyu, ɗaya ba ta ji sosai, da makirufo uku, da rikodar kaset wadda tun ranar ba ta ci komai ba, da tulin wayoyi da suka rasa inda za su sa kansu. Ta bar Malam Yahaya, wanda ya ƙi karɓar ko ruwa a gidanmu ranar. Ta bar kaset ɗin Eunice da gurbin waƙa ɗaya a ƙarshensa. Ta yi wa farar hula kamfen, Allah bai nufa ta ga rantsar da su ba. Ta bar ni, ina shiga ɗakin ina fita ban san abin da na je ɗauka ba. Zuciyata ta karye, kuma ba na son a ce mini ai ƙarfe ne.

Ta kuma bar Asabe. An gaya mini tun ranar Alhamis ba ta buɗe shago ba, ba ta sa komai a bakinta ba, ta ce ba za ta ƙara iya haɗa ido da Eunice ba har abada. Mun aika sau biyu, ta ƙi buɗe ƙofa.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi zaman makoki ranar Lahadi bayan sujada, a gidanmu da ke Narayi, bayan injin niƙa. Mata su zo da anko. Kada kowa ya zo da rikoda, mai waƙa ta hana. Za a shimfiɗe marigayiyar a tsakar gida cikin rigarta, don ɗinkin ya yi kyau, kuma yanzu zafi ba zai dame ta ba. Da la'asar Malam Yahaya zai tafi da ita Makera, inda za a cire abin da ya rage mai rai a jikinta a raba wa mabukata: amfilifayar wani masallaci a Unguwar Mu'azu da ta cocinmu suna kan layi. Sauran za a ajiye a shagonsa, a sama, inda ruwa ba ya zuba.

Kafin a ɗaga ta, Eunice za ta yi waƙar niƙa da muryar da ta rage mata, ba makirufo ba sifika. Za ta yi ta baiti-baiti, tana tsayawa ana maimaitawa, har sai ta zauna a bakin mutum ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, don washegari da safe za mu tafi asibiti. Ta ce ta daɗe tana sauraron masu yi mata amshi, kuma a cikinsu duka murya ɗaya ce ke iya hawa inda waƙar ke hawa.

Asabe, ke ce. An ajiye miki kujera a gaba, kusa da ita. Ki ci abinci kafin ki zo, waƙar tana cin numfashi.

Allah ya jiƙan Ladi, ya ba mu haƙurin rashinta.

Sanarwa daga Shekari, Baban Vicky, a madadin iyali.